Me Ka Gani? Jinjina ga Malam Sabi'u Mai Hoton Taurari

Da hantsi za ka tarar da Malam Sabi'u a 'yar rumfarsa ta Tudun Kaya, ya rataya farin ƙyalle a bango, yana fama da masu hoton fasfo. "Saki fuska mana, Alhaji, ba kotu aka kawo ka ba." Ranar kasuwa ya hau babur ya nufi Karaye, ranar biki ya dangana har Rogo. Wannan aikin shi ke ciyar da gidansa. Wanda ya ci zuciyarsa kuwa sai an sallame Magariba yake farawa. Ya saɓi wani dogon bututun roba irin na masu gyaran famfo, wanda ya dasa wa gilasai a ciki da hannunsa, ya fita bayan gari, ya kafa shi a kan ƙafafun katako uku, ya manna wayarsa a gindinsa, ya shiga ɗaukar hoton sama. Mutanen gari sun daɗe da sallama masa, sun ce kowa da irin tasa.

Wanda bai san da wannan ba shi ne Nasidi, shugaban 'yan sintiri na wani ƙauye a yankin Ruwan Bago. A wata kaka ɓarayi suka addabi gonakin gyaɗa, ga kuma raɗe-raɗin cewa 'yan bindiga sun baza masu leƙen asiri. Ana cikin haka Malam Sabi'u ya zaɓi gonakin nan, wai don sun fi duhu, babu fitilar da za ta ɓata masa hoto. Nasidi da mutanensa suka hango baƙo ya kafa dogon abu a kan ƙafa uku, ga hasken waya yana ƙyalli. Ba su tsaya sallama ba.

Gorar Nasidi ce ta fara sauka a kafaɗarsa, ta kai shi ƙasa.

"Bindigar wa ka kafa mana? Su wa kake yi wa alama?"

Daga bayansa wani cikin mutanensa ya ce, "A gama da shi kawai!" Har yau idan Nasidi ya zo nan a labarin sai ya yi istigfari, domin ya san ya riga ya ɗaga gorar a karo na biyu, kuma kai ya nufa.

Mutumin da ke kwance bai roƙi ransa ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ka yi mini abin da ka ga dama, amma don Allah kada ka ture ƙafar nan, da ƙyar na saita ta. Zare wayar ka sa idonka. Yi sauri, tafiya yake yi, yanzu zai fita."

Maganar ta ɗaure wa Nasidi kai. Ya sunkuya, gora a hannu, ya sa ido ɗaya.

"Me ka gani?" in ji Malam Sabi'u.

"Innalillahi! Wani abu ne kamar ƙwai... an zura masa zobe. Malam, zobe ne, wallahi!"

"Tauraron Zuhal ke nan."

Nasidi ya taɓa jin sunan a bakin malaminsu na allo, amma bai taɓa zaton abu ne da idon manomi zai gani ba. Ya zagaya ya leƙa bakin bututun ko an liƙa hoto a ciki. Babu komai. Ya ɗaga kai sama, ɗigon haske ne kawai kamar sauran. Ya yar da gora. Daren nan 'yan sintiri layi suka yi a bayan abin da suka kira bindiga, kowa ya leƙa sai ya ja da baya yana salati.

Tun daga ranar Nasidi ya zama mai ɗaukar bututu, ba wanda ya sa shi. Shi ne shaida a kan yawancin abin da ya biyo baya. Yana nan aka kai bututun makarantar Malam Ikrima, malamin ya leƙa taurarin Kaza da 'ya'yanta, ya ɗago ya ce ashe 'ya'yan sun fi ƙarfin ƙirga. Yana nan Inna Mashkura ta ga ramukan da ke fuskar wata, ta riƙe baki ta ce, "Wayyo, ashe shi ma ya sha duniya." Kuma a ko'ina Malam Sabi'u ba ya gaya wa mutum abin da zai gani. Sai ka leƙa, sannan ya tambaye ka: me ka gani? Duk mun ɗauka salon koyarwarsa ne.

Kai ne, Malam Sabi'u, ka sa mutanen da suka saba duban sama don neman hadari kawai suka koyi dubanta don mamaki. Kai ne aka dake ka a kan abin alheri, ka tashi ka kakkaɓe riga, ka ce na gaba ya matso.

Watan jiya ya sanar da cewa ya ajiye aiki. Aka taru a ƙofar gidansa ana yi masa addu'a. Nasidi ya shiga soro ɗauko tabarma, sai Turai, mai ɗakin Malam, ta yi masa magana daga bayan ƙofa.

"Nasidi, ku yi ta haƙuri da shi. Idon ne ya ƙarasa. Likita ya ce ganin ba zai dawo ba."

"Wane ido, Inna?"

"Au, ba ka sani ba? Ai Malam ya daɗe rabonsa da ganin zoben nan, tun kafin daren da kuka haɗu. Ɗigon haske kawai yake iya gani ya saita a kai. Ko a hoton ma dishi-dishi yake ganinsa. Sauran a bakinku yake ji."

Nasidi ya ajiye tabarmar. Ya fito ya durƙusa a gaban tsohon.

"Malam, da gaske ne? Duk shekarun nan?"

Malam Sabi'u ya yi dariya. "To da me ka zata nake tambayarku? Jarrabawa?"

Babu wanda ya taya shi dariyar. Mun ji kunya, mun kuma ji tsoron Allah, domin mutumin da ya nuna wa ƙauyuka sama shi kaɗai ne a cikinmu ba ya ganinta.

Mun gode, Malam. Allah Ya saka maka da hasken da ya fi wanda ka rasa. Ku kuma masu wata sana'a a hannu, ku fito da ita fili yadda ya fito da tasa, ko da ba ku ne za ku ci moriyarta ba.

Bututun bai kwanta ba. Yanzu Nasidi ke kafa shi, shi ke ɗaukar hoton, Malam yana zaune a tabarma a gefe. Duk wanda hanya ta biyo da shi Tudun Kaya bayan Magariba, ya tsaya ya leƙa. Za ka ji murya daga kan tabarma ta tambaye ka me ka gani. Kada ka ce masa "ya yi kyau" ka wuce. Ka zauna, ka gaya masa duka.