Duron Bandar Kifi

Shekarar da aka tura ni Yola, iyalina na Maiduguri, hedikwatar sabuwar jiha. Ɗaki ɗaya na kama a unguwar Demsawo. Aikina fassara sanarwar gwamnati zuwa Hausa, in karanta ta a lasifikar motar majigi. In na tashi ofis ba ni da wurin zuwa, sai in gangara bakin Binuwai in tsaya kallon matan da ke bandar kifi.

Sai takarda ta zo daga hedikwata: ana neman dabarun ƙananan ayyuka daga ma'aikata, wanda aka karɓi tasa za a kira shi can ya kula da ita. Ni abin da na gani a takardar hanyar komawa wajen 'ya'yana ce.

Na riga na lura matan na wuni cikin hayaƙi, suna juya kifi ɗaya bayan ɗaya a kan raga. Na zana duro mai ƙofa a gindi, da raga hawa uku, da murfi mai huji. Wani maƙeri a kasuwar Jimeta ya yanka mini. Gwajin farko ya ƙona wutsiyoyin kifin. Na biyu hayaƙi ya ƙi hawa. Na ƙara huji, na ɗaga ragar ƙasa da taƙi ɗaya, kowane gyara ina rubuta shi da dalilinsa. Sati bakwai ina cin tarwaɗar gwaji ni kaɗai. Na ƙarshe ya yi daidai: a jera kifi, a rufe, a tafi. Mace ɗaya ta isa.

Na kai wa babbar matan, wata dattijuwa Kirista da kowa ke ce wa Mama. Ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa.

"Akawu, wannan kabari ne ko tukunya?"

"Mama, ki gwada. Ba sai kun zauna ba. Kowace ta yi nata a gida."

Ta gwada. Kifin ya fito jawur, ta ɓare ta ci, ta ce ya yi. Sannan ta nuna sauran matan da haɓa.

"To in na rufe na tafi gida, wa zai gaya mini jikan waccan ba shi da lafiya? Wa zan zaga? Kai ka saba zama kai kaɗai, shi ya sa ka ƙera abin zaman kaɗaici."

Matan suka kwashe da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta ƙulle mini kifi biyu a takarda.

Sati bakwai na auna wuta da hayaƙi, ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu me take so ba.

Ina iya rubuta wa hedikwata cewa duron yana aiki, kuma ba ƙarya na yi ba. Na rubuta hakan, na ƙara layi ɗaya: waɗanda aka yi dominsu ba sa bukatarsa. Na san abin da layin zai jawo. Amsa ta zo a taƙaice, an gode da ƙoƙarina.

Na ƙara damina uku a Demsawo. Na sa maƙerin ya toshe ƙofar duron, na ajiye shi ƙarƙashin indararo. Da ruwansa nake wanke kwanona.