Tafkin da Kawu Ya Ce Babu Kifi

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Birnin Kebbi, ni da maƙwabcina mai sayar da albasa, a bayan wata tsohuwar lori da ke tari kafin ta motsa. Na rufe shagon ɗinkina ne saboda saƙon Kawu, yayan mahaifiyata, wanda shi ne Sarkin Ruwan wani ƙauye a bayan Argungu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kunyar da suka sha ta ishe su. Saƙon dai gajere ne: in zo, za a buɗe tafki. Uwargida ta miƙo mini babban kwandonta, ta ce kada in kuskura in dawo da shi wayam.

Ga wanda bai sani ba, idan ruwan Rima ya janye bayan damina yakan bar tafkuna cikin fadama, cike da kifi. Sarkin Ruwa sai ya rufe su. Ba mai jefa ko da ƙugiya, ba mai tsoma ƙafa, wanda ya karya doka kuwa akuya zai biya. Haka kifi zai yi ta ƙiba har ranar su, ranar da gari duka zai faɗa ruwa da ragar homa da gora. Abin da aka kama ranar shi ne miyar rani, shi ne tufafin sallah. Ƙauyen Kawu tafkuna biyu gare su, babba da wani ƙarami da suke kira Ɗan Bado.

Hanya kam sai godiyar Allah. Direba ya kafa tutar nan kore da fari a goshin mota, irin wadda na yi ta ɗinkawa bara lokacin bikin samun mulkin kai har yatsuna suka yi kanta, amma tuta ba ta cike rami. Maƙwabcina tun daga Zauro yake mita a kan sule biyun kuɗin mota da aka karɓa, wai da Bature da ɗan ƙasa duk ƙugunsa ne ke biya. A Ambursa muka tsaya, na sayi ƙosan sisi da fura mai tsami, muna kallon fadama an girbe shinkafa, shanu sun bazu cikin kara.

Kusa da ni akwai wani saurayi cikin kaki, zaune a kan gangunan ƙarfe, da leburorinsa biyu. Duba-gari ne, kuma da muka taɓa hira sai ga shi ƙauye ɗaya za mu. Maganin sauro ya ɗauko. Ya yi mini bayani har na ji ya kwanta mini a rai: sauro a ruwa yake ƙyanƙyasa, don haka suke fesa magani a kududdufi da duk wani mataccen ruwa. Amma ruwan da ke da kifi ba sa taɓa shi, domin kifi da kansa yana cinye 'ya'yan sauro, maganin kuma kashe kifi yake yi, ya bi ta kan tsuntsun da ya ci kifin. Na ce a raina madalla, ga boko mai amfani.

A Argungu maƙwabcina ya sauka da buhunansa. Kasuwa na tashin ƙamshin banda, na ga ƙarfasa jere a faranti amma na kau da kai, ina taƙama da cewa wanda kawunsa ke da tafki ba ya sayen kifi. Da azahar muka isa ƙauye.

Kada wani ya ce mutanen nan ba sa bukatar magani. Na tarar da jikokin Kawu biyu kwance jiki rau da zazzaɓi, matarsa Inna tana yi musu fifita, ta kuma gaya mini jarirai nawa aka binne a unguwar da damina. Bayan gidaje duk kududdufai ne inda aka haƙi ƙasar gini, ruwa ya yi kore, kana leƙawa ka ga tsutsa tana wutsil-wutsil. Babban tafki kuwa, da na je gaishe shi kamar yadda na saba tun ina yaro, yana nan lafiya lau. Bado ya rufe gefe, belbela fari fat a kan ciyawa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, gauraki biyu can nesa. Ruwan na motsi daga ƙasa, irin motsin da ko tela ya san ma'anarsa.

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan Maigari. Duba-gari ya yi gaisuwa da ladabi, sannan ya juya wajen Kawu.

"Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, akwai kifi a tafkunan nan biyu?"

Kawu ya gyara zama, ya dubi ƙasa. "Kihi? Ina kihi bana, Malam? Kwaɗi ɗai na ciki, su da caɓo."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ni na san abin da ke faruwa. Masunci ba ya yabon ruwansa kafin ranar su, tsoron baki yake yi, kada a ce akwai a wayi gari babu. Ga tsoron ɓarayin dare, ga kuma mutum cikin kaki yana tambaya, wanda a wurinsu ƙanin mai karɓar haraji ne. Shi kuwa duba-gari, duk bayanin da ya cika mini kunne da shi a mota, bai faɗi ko rabinsa a nan ba. Ya yi tambaya, an ba shi amsa, ya miƙe.

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na ce, "Kawu, ka hwaɗa mashi gaskiya. Maganin ga kashe kihi shikai."

Kawu ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa goya ni a kwalekwale ba. "Ɗan birni, allura ka sani. Ina ka taɓa jin ganga ta ci tahki? Zamna."

Aka yi dariya, na zauna. Da aka watse na bi duba-gari har masaukinsa, na rantse masa da Allah akwai kifi. Ya ce mai ruwa ya yi magana a gaban Maigari da dattawa, shi ba zai ƙaryata shi ya ɗauki maganar baƙon da suka haɗu a mota ba. Ya ce ya tsoma ludayi a bakin tafkin ya ga tsutsa, ya kuma ga yara kwance, ga ƙauyuka na jiransa. Na ce ya nemi homa ya jefa sau ɗaya. Ya ce an rufe ruwan, ba ya son ya keta al'adar mutane. Kun ji fa. Al'ada ta hana shi jefa homa, amma ba ta hana shi zuba guba ba. Na koma wurin Kawu, Inna ta ce ya ce kada a bar ni in shigo. Kafin magariba duba-gari da leburorinsa sun gama feshin kududdufai, sun gama da babban tafki, aka bar Ɗan Bado sai da safe.

Hantsi bai yi ba ihun mata ya fito da mu. Ban taɓa ganin abu mai ciwo irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Tafkin ya yi fari, ba da bado ba, da cikin kifi. Ƙarfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, har da wata giwar ruwa da sai mutum biyu za su ɗaga, duk sun juya ciki sama, iska na turo su gefe. Belbela sun sauka suna ci, wasu tuni sun fara tangaɗi kamar mashaya, zalɓen nan na jiya yana kwance cikin laka da wuya a karye. Mata suka fara kwasa cikin ƙwarya, duba-gari ya shiga tsakani yana roƙonsu da Allah kada kowa ya ci, a haƙa rami a binne. Hawaye yake yi, yana ta maimaita cewa ai ya tambaya. Na ce masa tambayar da ba a faɗi dalilinta ba tarko ce. Kawu kuma, Allah ya yafe mini, na gaya masa a gaban jama'a cewa bakin da yake tsoro nasa ne.

Can wani ya ce ai leburorin sun nufi Ɗan Bado tun ɗazu da ganga, bisa umarnin jiya. Ban san dattijo mai furfura zai iya gudu haka ba. Kawu ya yanki fadama ba takalmi, mu muna binsa a baya muna haki. Muka tarar sun haɗa magani, ɗaya ya saɓa famfo a kafaɗa. Da aka ce su tsaya, suka ce ai Sarkin Ruwa da bakinsa ya ce kwaɗi ne a ciki.

Kawu ya ratsa ta tsakaninsu. Ya tuɓe riga, ya shiga ruwan da shi da kansa ya rufe, ya nutse. Da ya ɗago, tarwaɗa ce a hannunsa, baƙa wuluk, kaurin cinya, tana fisge-fisge. Ya ɗaga ta sama har duba-gari ya iso ya gani, sannan ya sake ta a hankali ta koma. Ya fito yana ɗiga, ya dubi Maigari.

"Na shiga ruwa ruhe. Akuyata na nan gida, a kamo ta." Ya ɗauki rigarsa. "Amma ku shaida, ni ban ce komi ba."

Ɗan Bado ya tsira, sai dai kifinsa ba zai kai gari ko tsakiyar rani ba, kuma an ɗage ranar su har sai abin da hali ya yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a kwanakin da na ƙara, sauro ya ragu ƙwarai a cikin gidaje, har Inna ta lura. Kududdufan bayan gida su ne masifar, da a nan aka tsaya da an gama aiki.

Na biyo lorin albasa na dawo. Abin da na koyo bai da yawa. Mai magani ya buɗe baki ya faɗi abin da maganinsa ke kashewa tun kafin ya yi tambaya, mai ruwa kuma ya san akwai ranar da shiru ya fi baki ɓarna. Yanzu ƙasar tamu ce, babu Baturen da za mu ɗora wa wannan.

Na iso gida da yamma. Uwargida ta karɓi kwando, ta ji shi sakayau, ta leƙa ciki ta dube ni, ta ce ina kifin? Na ba ta amsar Kawu, na ce ina kifi bana. Sai dai a bakina gaskiya ce.