Hoton Da Ruwa Ya Ci Rabinsa

Gidan hayar da na tashi a cikinsa a Agege yana bayan titin jirgi ne, irin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya wanda yake ɓullewa tsakar gida ta baya. A can baya ne kakata, mahaifiyar babana, take ajiye kurfotinta na hura gawayi. Iya muke ce mata, har 'ya'yan Yarabawan gidan ma haka suke kiranta. Ni kuwa takwara take ce mini, don sunanta na ci.

Suyar gyaɗa ce sana'arta. Da an idar da sallar magariba za ta hura gawayi, ta ɗora kasko da yashi a ciki, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana juyawa. Babana mahauci ne a abbatuwa, yakan dawo a gajiye, ya ci tuwo ya miƙe a tabarma daga gefe. Mu yara kuma mu kewaye wutar, muna murje ɓawon gyaɗar da ta huce, muna ɗurawa a kwalabe. Ladan aikinmu tatsuniya ce, da ɗan abin da muka iya jefawa baki idan Iya ta juya.

Ba ta fara tatsuniya yadda kowa yake farawa. Sai ta ɗaga ludayinta ta nuna bakin lungu, ta ce, "Ga wata can tana tahowa da ƙafarta." Mu kuma mu haɗa baki, "A shimfiɗa mata tabarma!" Idan jirgin ƙasa ya zo wucewa, gidan duka ya ɗauki rawa, sai ta tsaya cak a tsakiyar magana, tana juya gyaɗarta. Da ƙararsa ta yi nisa za ta ɗora daga kalmar da ta tsaya, kamar babu abin da ya ratsa. In ta ga yaran maƙwabta sun yi zuru ba su gane ba, sai ta juya musu wurin da Yarabancinta mai ƙamshin Kano, su yi ta ƙyaƙyata dariya, ita ma tana taya su.

Cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba na ƙauna ina yarinya, don ba ta ƙarewa yadda nake so. Ta wata yarinya ce, Talatu, wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Ta girma ba ta san kamannin uwar ba, ubanta kuma mutum ne mai shiru, da an ambaci matar sai ya tashi ya fita. Wata rana Talatu ta je ɗiban ruwa tafki, ta zauna a bakin ruwa tana kuka. Sai aljanar tafkin ta leƙo ta ce, "Ke kuwa me ya same ki?" Ta ce, "Fuskar uwata nake son gani, ko sau ɗaya." Aljana ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, dubi ruwa." Ta duba, sai ga wata mace kyakkyawa, fata sumul, idanu dara-dara, haƙora jere reras, tana yi mata murmushi.

Daga ranar kullum da yamma Talatu tana bakin tafki, tana hira da uwarta ta cikin ruwa. Ran nan ta zo sai ta tarar da wani yaro maraya daga ƙauyen tsallake, ya durƙusa yana kallon wannan fuskar, yana ce mata Inna. Talatu ta ce uwarta ce, yaro ya ce tasa ce, har suka kusa dambe. Can sai ga wata marainiyar ta uku, ita ma fuskar take zuwa gani.

A nan mukan yi ca, muna cewa muguwar aljana, maƙaryaciya. Iya sai ta girgiza kai. "A'a, takwara, ba muguwa ba ce. Tausayi ne ya yi mata yawa, ga shi kuma ba ta taɓa ganin matar ba. Fuska ɗaya gare ta, ita take ba kowa."

Talatu ta daina zuwa tafki. Ta tafi wurin tsohuwar da take yi wa uwarta kitso, tsohuwa ta ce, "Goshi gare ta, ga tabo a nan, jaki ne ya kayar da ita tana ƙarama." Ta je wurin mai nono, ta ce, "Haƙorinta na gaba ya ɓalle a gefe, garin cin goruba, amma hakan bai hana ta dariya da ƙarfi ba." Haka ta bi gari gida-gida tana tsintar uwarta. Da ta dawo ta zauna gaban ubanta, ta zayyana masa matar tun daga goshi har haɓa. Uban ya yi kuka, sannan ya buɗe baki ya faɗa mata sauran.

Sai Iya ta sauke kasko ta ce, "Ta sha ruwa, ta naɗe tabarmarta, ta wuce."

Ni kuwa in tura baki. "To Iya, ta ga fuskar ko ba ta gani ba?"

"Toshe kwalbar nan da kyau, iska za ta shiga," shi ne kawai amsar da nake samu.

Iya ta rasu ina makarantar sakandare. Bayan na gama na shiga koyon aiki a wani shagon buga katin biki da kalanda, a can na iya gyaran hoto a kwamfuta. Yanzu ina da ɗan shagona kusa da kasuwa, kuma aikin da na fi so shi ne na tsofaffin hotuna marasa kala, waɗanda iyayenmu suka ɗauka a sitidiyo suna zaune ƙiƙam, hannu a kan gwiwa. Nakan ɗauke hoton da na'ura in shigar da shi kwamfuta, in faɗaɗa shi, in bi ɗigo-ɗigon funfuna da layin karyewar takarda ina sharewa, sannan in daidaita haske da duhu har fuskar ta fito. Aiki ne mai son natsuwa, kuma yana yi mini daɗi.

Wata ranar damina wani dattijo ya shigo, ya ce sunansa Malam Sabo, direban tanka ne, motarsa tana cikin layi a Apapa ya bar ta da yaron mota. Ya zaro hoto daga cikin leda. Wata matashiya ce da ɗankwali, amma ruwa ya taɓa jiƙa takardar, ya cinye gefen hagu na fuskar tun daga gira har kumatu.

"Mahaifiyata ce," in ji shi. "Ina rarrafe ta rasu. Wannan kaɗai ne hotonta a duniya. 'Yata mai sunanta za ta yi aure, ina so in ba ta ta tafi da shi ɗakinta."

Sannan ya miƙo mini wayarsa. Ɗansa ya riga ya sa hoton a wata manhaja mai gyara da kanta, ta cike wurin da ya lalace. Na ga mace kyakkyawa, fata sumul, kamar wadda za a sa a tallan man shafawa.

"Ta yi kyau," ya ce, yana sosa gemu. "Amma Hajiya, wallahi in na kalle ta ba na jin komai. Ban sani ba ko laifina ne."

Na ce masa ba laifinsa ba ne, manhajar ba ta san mahaifiyarsa ba, ni ma kuma ban san ta ba. Na tambaye shi ko akwai wanda ya rage da ya san ta ido da ido. Ya ce akwai ƙanwarta, Inna Dije, tana nan Agege wurin ɗanta, ta tsufa ƙwarai, kuma bayan bikin za a mayar da ita gida Arewa gaba ɗaya. Ya ce rabonsa da ita an kwana biyu, hanya ba ta barinsa.

Na gama abin da zan iya ni kaɗai, na goge tabo, na haɗe tsagar takarda. Ranar da muka yi da shi na ɗauki laftof muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan. Muka sami Inna Dije a kan tabarma a baranda, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana jan carbi. Bayan gaisuwa na zauna kusa da ita na buɗe hoton, na ƙara masa girma. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Yaya ce," ta ce a hankali. Sai kuma ta fashe da dariya. "Ɗankwalina ne wannan! Aro ta yi, har ta koma ga Allah ba ta dawo mini da shi ba."

Na kwafi idon dama na juya shi na ɗora a hagu, yadda muke yi. Ta ɗaga hannu. "A'a, 'yar nan. Na hagun bai kai wannan buɗewa ba, kullum kamar rana tana dukanta." Na rage shi kaɗan-kaɗan, tana cewa ƙara, ƙara, har ta ce tsaya. Ta sa na zana tsaga biyu gajeru a kumatu, irin nata, har ta juyo mini da fuskarta don in duba. Da na tambaye ta girar, ta daɗe tana tunani, ta ce ta manta, ba za ta yi mini ƙarya ba. Sai na bar wurin cikin inuwar ɗankwali.

Muna gab da gamawa ta ƙura wa gefen dama ido, inda ruwa bai taɓa ba. "Ina kunnenta?"

Na ce ga shi nan.

"Wannan ba kunnen Yaya ba ne. Nata a yage yake."

Lallai na ga wata 'yar tsaga a leɓen kunnen, na ɗauka takardar ce ta karce, na cike ta. Na koma kan hoton na asali na dawo da ita. Inna Dije ta gyaɗa kai, ta juya ta dubi Malam Sabo, wanda tun zuwanmu yake durƙushe a gefe.

"Kai ne ka yi mata wannan, Sabo. Tana ba ka nono ka kama ɗan kunnenta ka fizge. Jini har wuya. Muka ce ta je a ɗinke, ta ƙi. Duk wanda ya tambaya sai ta ce, aikin ƙaramin maigidana ne, ƙarfi gare shi."

Malam Sabo ya matso ya kalli kunnen. Mutum ne mai furfura, mai ƙaton hannu, amma sai na ga ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Inna Dije ta bar shi ya yi mai isarsa, tana ɗan bubbuga masa gwiwa. Da ya sauke hular, murmushi yake yi.

"Inna, me take kirana da shi kuma?"

Na rufe laftof na yi musu sallama. Ya ce zai biyo ni, amma har na kai bakin ƙofa bai tashi ba. Wayarsa tana ta ƙara, ya duba ya ce yaron mota ne, wataƙila layi ya motsa, ya kife ta a kan tabarma.

Na buga hoton babba na sa a firem, da idon da bai gama buɗewa ba, da yagaggen kunnen. An ce mini yana rataye a ɗakin amarya.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Talatu gargaɗi ce kada mu yarda da aljanu, ko kada mu je bakin ruwa mu kaɗai. Yanzu da na kusa kai shekarun da babana yake da su a wancan lokacin, ina ganin Iya wani abu take nuna mana wanda ya fi wannan kusa. Mutanen da suka san namu suna nan zaune a baranda, tsakaninmu da su tafiyar keke ce kawai, kuma ba za su dawwama a wurin ba. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini tsohon hoto yanzu, kafin in kunna kwamfuta nakan tambaye shi wa ya rage da ya san mai hoton. Wasu su ce akwai, sai mu ɗauki laftof mu tafi. Wasu kuma su sunkuyar da kai, su ce da a bara suka zo, da akwai.