Dattijon da ke zama a kan kowace kujera

A bayan kantin kayan ɗaki, inda nake jiran a fito min da tebur, akwai wani dattijo mai haɗa kujeru. Gajere ne, furfura ta cika masa kai, rigar kamfanin ta yi masa yawa. Kusoshi na bakinsa, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya.

Duk kujerar da ya gama, sai ya karkaɗe wandonsa, ya zauna a kanta, ya jingina, ya ɗan lumshe ido. In ta yi ƙara, ya kwance ta ya sake. Ina jin a gidansa benci ne kawai.

Manaja, wanda bai wuce sa'an ɗansa ba, ya leƙo. "Baba, kana ɓata mana lokaci. Mai saye ba ya tambayar wa ya haɗa."

"Haka ne, yallaɓai," in ji dattijon, bai ko motsa ba. "Sunan kamfani ne a jiki. Amma in ta karye da mutum, ni zan ji kunya, ko da ba wanda ya san ni."

Ya miƙe, ya shafa bayanta, ya jawo wata.