Ƙwannafin Inna, Daga Augie Zuwa Birnin Kebbi

Tashi daga Augie

Ana sallame sallar asuba muka fito, gari bai gama wayewa ba: ni, da ɗana Sahabi a goye, da Inna, mahaifiyar maigidana, tana dogara sandarta. Inna ta daɗe da ciwon gwiwa. Tun shekarar da aka fara kai ta asibiti a Birnin Kebbi likita ya ɗora ta a kan wata ƙwaya, ya ce a riƙa maido ta lokaci-lokaci ana duba ta, domin ƙwayar tana kwantar da gwiwa amma takan taɓa ciki. Maigida ne ya saba kai ta. Wannan karon shinkafarsa ta nuna a fadama, tsuntsaye sun yi mata caa, ba halin ya ɗaga. Sai aka ce ni in tafi, tunda gidan iyayena yana unguwar Nasarawa, ba sai an nemi masauki ba.

A bakin tasha ya ja ni gefe ya ce, "Ga uwata nan, amana. Yadda kika tahi da ita, haka nika son ki maido min ita." Na ce to. Ni da ko atishawa Sahabi ya yi sai na wuni ina taɓa goshinsa, yau an danƙa mini tsohuwa sukutum.

Kafin mu hau akori-kura na ga Inna ta kwance bakin zanenta, ta ciro ƙwayar, ta haɗiye ta da yawu, ta bi ta da ɓarin goro. Kunun da na dama mata yana can gida a rufe. Ta ce ita ba ta shiga mota da ciki cike.

Argungu

Da hantsi muka sauka Argungu, bayan motar ta gama girgiza mu kamar gero a faifai. Tashar ta cika da ƙamshin soyayyen kifi da masa. Na sayi masa mai zafi, na durƙusa na miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta dubi masar, ta dubi jama'ar tasha, ta dube ni.

"Na ƙoshi," in ji ta. Sai ta yi wata gyatsa, ta dafe ƙirji.

Direban bas ɗin Birnin Kebbi Bakatsine ne, kuma kun san wasan da ke tsakaninsu da mu Kabawa. Yana ganin Inna ya washe baki. "Yau na ɗauko manyan Kabawa. Motata za ta yi mako tana ƙarnin kifi."

"Ja motarka, Bakatsine," in ji Inna. "Kun zo ƙasarmu kun ga gulbi, kun koyi wanka, har kun samu bakin magana."

Mota ta ɗauki dariya. Na ji sanyi a raina, na ce mai iya wannan amsa ba ta kusa mutuwa ba.

Hanyar Ambursa

Sanyin bai daɗe ba. Muna cikin tafiya, fadama shar a gefe, Inna ta fara nishi tana shafa ƙirji daga sama zuwa ƙasa. Na ce, "Inna, lahiya?" Ta ce wuta ce ke tasowa daga bakin cikinta har maƙogwaro, da wani ruwa mai tsami. Wata mata mai kwandon albasa ta leƙo daga kujerar baya ta ce, "Wayyo. Haka ƙanwar kakata ta yi. Ba ta ga Juma'a ba." Wani dattijo ya ce ƙwannafi ne kawai, a ba ta kanwa. Ni dai maganar mai albasa ce ta zauna mini.

Gab da Ambursa muka tarar da shingen 'yan sanda. Wani ya leƙo ta taga daidai lokacin da Inna ta saki nishi mai tsawo, ido a rufe. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, mara lafiya ce, asibiti za mu." Nan take aka janye itace. Da muka wuce ya waiwayo ya ce, "Inna, gobe ma ki zo. Kujerar gaba taki ce, kyauta, ke dai ki riƙa wannan nishin."

Inna ta buɗe ido ɗaya. "Allah ya shirye ka." Ta sake ɓantarar goro, wai ko zai danne tsamin.

Nasarawa, Birnin Kebbi

Mun isa bayan azahar, masu ciwon gaɓoɓi kuwa da safe ake ganin su, sai kwana. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta ji labarin surukarta na tafe, ta sa an yanka zabuwa, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta dama fura da nono. Suka zauna gaisuwa kowa na kallon tabarma. An tambayi gida, an tambayi fadama, an tambayi awaki, aka koma kan gida.

Aka kai wa Inna abinci ɗaki, aka sakaya labule. Can na je ɗauko kwanoni na tarar da tuwon yadda aka kai shi, sai gurbin yatsa ɗaya a gefe, shaidar an yi bisimilla. Zabuwar ko juya ta ba a yi ba. Ku da kuke gida kun san dalili: Inna ba za ta buɗe ciki ta ci abinci a gidan surukai ba, ko da yunwa za ta kayar da ita. Dada ta sake aikawa da fura. Furar ta dawo. Dada ta ce, "Ko miyar ce ba ta yi mata ba?" Na ce miya ta yi, kunya ce. Dada ta ce, "Awo, ni ma da haka zan yi," ta zauna tana jin haushi tana kuma yaba tarbiyyar Inna.

Da la'asar Inna ta sake haɗiyar ƙwayarta, ta ƙara da wata ja da ta saya wurin mai tallan magani a kasuwar Augie, ta kishingiɗa. Ana kiran magariba ta kira ni.

"Ke ɗiyar nan, matso. Jar akuyata ta Sahabi ce. Babbar tukunyar ƙarhe kuwa kada a ba kowa aro, ba su maidowa."

Na fashe da kuka. Ina tuna fuskar maigida a tasha, ina tunanin da wane baki zan ce masa uwarsa ta cika a ɗakin uwata, ga zabuwa a gefe. Dada ta shigo da ruwan kanwa a moɗa. Inna ta kurɓa, sai ta saki gyatsar da ta sa Sahabi ya firgita ya saki nono. Ta gyara zama ta ce, "Maganar akuyar nan a dakata tukuna."

Asibiti

Da sassafe muka kama layi. Masu ciwon gwiwa da na baya da na kafaɗa duk sun san juna, ana ta gaisawa a kan benci kamar an zo suna. Aka ɗora Inna a sikeli. Aka ɗaura mata wani ƙyalle a dantse ana hura shi don awon jini, tana cewa a sassauta, ita ba buhun albasa ba ce. Aka ɗebi jini a yatsa. Aka ba ta 'yar kwalba ta kawo fitsari, ni kuwa na duƙufa gyaran goyon da ba abin da ya same shi har ta je ta dawo.

Likitan ɗan Indiya ne, Hausarsa ba ta da yawa, wata nas mai ƙiba tana yi masa tafinta. Ya lanƙwasa gwiwar, ya janye fatar idon Inna ya duba, ya danna mata ciki ta ce wash. Ya sa aka tambaye ta ko bayan gidanta ya taɓa yin baƙi. Inna ta dubi nas ɗin kamar ta zage ta, ta ce a'a.

"Mama," in ji likita da kansa, "kafin magani, akwai abinci?"

"Alhamdulillahi," in ji Inna.

"Cewa ya yi kin ci ko ba ki ci ba?" in ji nas.

"Na ci."

Ina tsaye a bayanta. Ba ni da bakin ƙaryata uwar mijina a gaban mutane, ba kuma zan iya barin likita ya rubuta abin da ba shi ba. Sai na shiga girgiza kai. Na girgiza, na girgiza, har ɗankwalina ya zame ya rufe wa Sahabi fuska. Nas ta gan ni. Ta dubi Inna ta ce, "Ina kunka sauka?"

"Gidan iyayen wagga yarinya."

Nas ta ajiye biro ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta juya ta yi wa likita bayani da Turanci. Shi bai yi dariya ba. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Gidanku babu abinci?" Har ya fara laluben aljihu. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce wa nas don Allah ta gaya masa an yanka zabuwa.

Da ya fahimta, ya yi magana mai tsawo, nas tana juyawa. Jini da fitsari lafiya, zuciya lafiya. Ƙwannafi ne, kuma ƙwayar ce ke haddasa shi saboda ana zuba ta a cikin da babu komai, ga goro a kai. In aka ci gaba haka za ta iya yi wa cikin gyambo, har ya yi jini. Ya sa Inna ta fito da magungunanta, ya karɓe jar ƙwayar mai talla ya jefa a kwando, ya ce aikinsu ɗaya da tasa, haɗa su ninka ɓarna ne. Ya ce a bar kanwa, a rage goro da yaji, kada ta kwanta da ta gama cin abinci. Ya rubuta wani farin magani na ruwa mai kama da kunun alli, ya ce a dawo da ita awo na gaba, ko kafin nan in ta ga baƙin bayan gida. Sannan ya ɗauki ƙwayar gwiwar ya sa a tafin hannuna, ni.

"Ya ce ke za ki riƙe," in ji nas. "Sai kin gani da idonki ta ci abinci, sannan ki ba ta. Ba abinci, ba ƙwaya."

Ni in tsaya a kan Inna ina kallon lomarta! Muka fito ba mai duban wani.

Komowa: tashar Argungu

Farin maganin ya kashe wutar ƙirji tun kafin mu bar Birnin Kebbi. Amma Inna ba ta karya ba, don haka ban ba ta ƙwaya ba, gwiwa kuwa ta tashi. Kafin mu kai Argungu ta kumbura ta sandare, sai da mutum biyu suka sauko da ita. Ta zauna a gindin wata bishiyar bedi tana cije leɓe. Motar Augie tana lodi, ga ta da tsawo, na san da wannan ƙafa ba za ta taku ba. Ita ba ta ce in ba ta ba, ni ban ce ta ci ba. Ƙwaya tana ƙulle a bakin zanena tana ƙona ni.

Sahabi ya fara rigima. Na sayi masa cike da faifai, ba yaji, da fura a ƙwarya, na zauna zan ba shi, ya ture hannuna yana miƙa wa kakarsa hannu. Sai wata dabara ta faɗo mini. Na sauke shi a cinyarta mai lafiya, na ajiye abincin a gabansu na ce, "Inna, ya ƙi ci a hannuna. Ko za ki gwada? Zan nemo ruwan alwala."

Na zaga bayan motar, na je wajen ƙofar direba na tsaya. Likita ya ce da idona, bai ce ido da ido ba. A madubin gefen motar ina hango su sarai. Inna ta waiga dama, ta waiga hagu. Ta gutsuri masa ta sa wa Sahabi a baki. Ta ja mayafi ta kai sauran nata bakin.

"Kai dai miji ne marar amfani," ina jin tana ce masa. "Ba cehwane, ba zane, sai ci. Bari in ɗanɗana in ji ko da zahi." Ta ɗanɗana guda. Ta ɗanɗana wata. Ta ɗaga ƙwarya don ta ga ko furar ta yi tsami, ba ta sauke ba sai da gindin ƙwaryar ya kalli sama.

Mai motar ya zo ya same ni manne da madubinsa. "Malama, in kwalliya ce ki yi sauri, za mu tashi." Na ce ya yi wa Allah ya ba ni kaɗan, magani nake haɗawa. Ya dube ni, ya dubi madubin, ya tafi yana waiwaye.

Da faifai ya koma fayau na dawo da ruwa a buta. Inna ta riga ta goge baki. "Wanga yaro naki zai cinye gida," in ji ta. "Ya tilasta min na taɓa kaɗan." Na durƙusa na miƙa mata ƙwaya da ruwa, kaina a ƙasa. Ta karɓa, kanta a gefe. Mai motar ya ƙara jiran fasinja, kafin a gama ɗaure kaya gwiwar ta saki, Inna ta hau da 'yar turawa kaɗan.

Isowa gida

Rana ta yi ja muka shiga Augie. Maigida yana bakin tasha da laka har gwiwa. Ya ga uwarsa ta sauko da ƙafarta, ya sauke ajiyar zuciya. A gida na ba shi saƙon likita duka, na ce daga yau kunu kafin ƙwaya, kuma na roƙi Inna ta riƙa taimaka mini da ba Sahabi abinci safe da yamma, tunda ya fi ci a hannunta. Ta ce to, ai dole, tunda ni ban iya ba.

"Inna, kin dai ci wani abu a hanya?" in ji maigida.

"Ni? Bisa titi? Wanga mijin nawa dai ya tashi da masa faifai guda da hura ƙwarya guda, shi kaɗai."

Maigida ya zaro ido. Ya ɗauki Sahabi, wanda haƙoransa ba su gama fitowa ba, ya ɗaga rigarsa yana danna cikin. "Faifai guda? Ke, kina ina? Gobe da asuba a koma da yaron nan asibiti!"

Na ce a bari mu ga yadda zai kwana. Inna ta ce haka ya fi.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya maido mu. Na gode wa Dada da zabuwarta, da likita, da nas ɗin da ta fahimci girgizar kaina, da mai motar da ya ara mini madubi. Sahabi kuma ya yafe mana, ya kwana lafiya lau.