Yaya Ishaya da Jakadiyar da Ta Zo Gubuchi

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Ishaya a bayan majami'armu ta Gubuchi. Na so in yi wannan rubutu tun a shekarar farko, amma a lokacin da zarar na ɗauki biro sai hawaye ya riga ni. Yanzu kuwa in na tuna shi dariya ce ke fara zuwa, shi ya sa na ga lokaci ya yi.

Shi ne ɗan farin Inna, ni Hannatu ce auta. Mahaifinmu manomin rake ne a fadamar Gubuchi, ya rasu muna yara. Ishaya ya yi karatunsa har jami'a a Zariya, daga nan ya samu gurbin ƙaro ilimi a wata ƙasa ta Kudancin Amurka, inda ya koyo Sifaniyanci. Da ya dawo, ofishin jakadancin ƙasar da ke Abuja ya ɗauke shi aiki a sashen al'adu. Shi ne tafintansu, shi ke shirya ajin koyon harshe da nunin fina-finai, shi ke tarbar makaɗa da masu zane in sun zo daga can, ya kuma nemo namu a tura musu.

A gida ba wanda ya gane aikin nan sosai. In an tambayi Inna sai ta ce, "Yana can yana raka baƙi." Mutanen yankinmu na Makarfi kuwa sun ɗauka shi ke raba biza. Duk Kirsimeti in ya zo, kafin ya gama karin kumallo zauren ya cika da samari, kowa da fasfo a aljihu. Ba ya korar kowa. Sai ya sa a kawo rake, a zauna ana sha, yana yi musu bayani cewa shi aikinsa ya haɗa mutanen da ba su san juna ba a tabarma ɗaya. Wasu su tafi suna cewa rowa ce kawai.

Abin da ya sa sunansa ya zauna a yankinmu ya faro ne daga tsaraba. Wata rana ya koma ofis da mazarƙwaila daga gida, ya ajiye a tebur. A lokacin an turo musu sabuwar jakadiya, mace mai fara'a da ta fara furfura. Tana wucewa ta hango, ta ɗauka ta sansana. Ashe a ƙauyensu ma haka ake dafa ruwan rake ya daskare, kakanta har yana da injin matsa da alfadari ke ja. Ta tambaye shi ina ake yin wannan a Nijeriya, ya ce a ƙofar gidansu. Nan ta yanke shawara cewa bikin al'adun da ofishin ke yi duk shekara, bana a kan rake za a yi shi, za ta gayyato masu dafawa da makaɗa daga ƙasarsu.

Sauran ma'aikatan sun fi son a yi a otal a Abuja, a ɗauko manoma kaɗan a sa musu sababbin riguna su zauna a gaba. Ishaya ya ce in dai rake ake so a girmama, to a je inda yake tsirowa. Jakadiya ta goyi bayansa, amma aka gaya masa a fili: in wani abu ya faru a hanya ko a garin, shi zai amsa.

Matsalar ba daga Abuja ta zo ba, daga gida ta taso. Ranar kasuwar Makarfi labari ya bazu cewa Turawa za su zo su auna fadama su ba kamfanin sukari, kuma ɗan gidan Inna ne ɗan jagora. Wasu suka ƙara da cewa addini za a zo yaɗawa, tunda mu Kirista ne. Mutanen cocinmu ma ba su tsaya mana ba, domin su ma a fadamar suke ci. Matan da suka saba zuwa sayen daddawa wajen Inna suka ɗauke ƙafa. Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne saƙon Baba Sale, aminin mahaifinmu, wanda ya riƙa nome mana gona bayan rasuwarsa, kuma shi ke da wurin dafa mazarƙwaila mafi girma a garin. Cewa ya yi baƙin nan ba za su taka wurinsa ba.

Ishaya ya zo a ƙarshen mako. Na raka shi gidan Baba Sale, muka tarar da shi a zaure bayan La'asar. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi iyali da gona da dawakai, har na ɗauka ba za a zo kan maganar ba.

"Ishaya," in ji Baba, "da bakinka nake so in ji. Fadamar ubanka za ka sayar?"

"Baba, Allah ya sani, ko taki ɗaya ba wanda zai auna."

"Kai na yarda da kai, a gabana ka girma. Su ne ban sani ba. Mutanen da ban san ƙofar gidansu ba, yaya zan buɗe musu tawa?"

Yaya ya ce, "To Baba, ku shirya in kai ku ƙofar gidan nasu."

Ba a saba haka ba, manoma su fara kai wa jakada ziyara don su bincike shi. Ban san yadda ya shawo kan ofishin ba, amma sun yarda. Aka tafi da Baba Sale da mai unguwa da wani dattijon coci daga Furana. Ni aka sa ni cikin tafiyar saboda ni ma'aikaciyar jinya ce, Baba kuma yana fama da hawan jini. Inna ta ƙi zuwa. Ta ce ita jakadiyar da ta sani tsohuwa ce mai kai saƙo cikin gidan hakimi, ba ta ga dalilin shiga mota har Abuja don ganin irinta ba.

A bakin ƙofar ofishin masu gadi suka so karɓe sandar Baba, shi kuma ya ce sai dai a karɓe shi tare da ita. Ana cikin haka jakadiyar ta sauko da kanta, ta ce a bar masa. Ta kai mu wani ɗaki, ta nuna mana hotunan ƙauyensu. Da aka zo kan na injin kakanta, Baba ya miƙe ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Gaya mata dabbar nan ta gaji, ya kamata a canja ta." Yaya ya fassara. Ta ƙyalƙyale da dariya ta ce kakarta ma kullum abin da take faɗa ke nan.

Bayan an shimfiɗa wa Musulmin cikinmu tabarma a lambu sun yi Azahar, Baba ya yi tambayar da ta kawo shi, bai kuma yi kwana-kwana ba. Ya ce wa Yaya, "Yadda na faɗa za ka faɗa, kada ka gyara." Jakadiya ta saurara har ƙarshe, ta ce raken ƙasarsu ya fi ƙarfin masu saransa, ba ta da abin yi da gonar kowa, kuma ba wa'azi aka aiko ta ba. Ta ce in sun ga dama kada a bar kowa cikin tawagarta ya shiga gona sai da rakiyar mai gonar. A mota muna dawowa bayan mun wuce Zariya, Baba ya dube mu. Sannan ya ce, "A faɗa wa yara su share wurin."

A wannan tafiya na fahimci aikin yayana. Ba ya ƙara wa maganar kowa daɗi, ba ya rage mata ɗaci. Abin da ya iya shi ne ya san wanda ya kamata ya fara magana, da inda za a zauna, da lokacin da za a kawo abinci.

Ranar bikin ta faɗo lokacin saran rake. Mutane suka zo daga Ikara da Kudan da Furana, a kan babura da akori-kura, wasu don kallo, wasu don su tabbatar ba a zo da igiyar awo ba. Motar jakadiya mai tuta ta kafe a taɓon hanyar fadama. Kafin masu tsaronta su gama shawara, ta haye amalanken shanun wani manomi, haka ta shigo gari tana ɗaga hannu, mata na guɗa. Yaya yana biye a ƙasa, wandonsa duk taɓo, yana dariya yana share gumi.

Dawakin Baba na zagaya injin, ruwan rake na zuba, aka hura wuta a murhu biyu. Baƙi biyu masu manyan hulunan malafa suka kama ɗaya, 'ya'yan Baba suka kama ɗaya. Ba mai jin yaren wani, amma da ruwan ya fara kumfa duk a tare suka miƙa hannu ga ludayi. Aka zaɓi tsofaffin mata su ɗanɗana su yanke hukunci, har da Inna, wadda a ranar ta yarda cewa wannan jakadiyar daban ce. Inna ta gutsiri mazarƙwailar baƙi, ta gutsiri tamu, ta ce, "Tasu ta yi kyau a ido. Amma a gaya musu su dawo baɗi su ƙara koyo." Na zungure Yaya don ya sassauta. Ina! Yadda ta faɗa haka ya fassara. Jakadiya ta yi dariya har tana share hawaye, ta rungume Inna.

Baƙin su suka jiƙa mazarƙwaila a ruwan zafi da lemun tsami suka raba mana, mu muka ba su tuwon masara da miyar kuka. Da yamma makaɗansu suka fara, masu kalangunmu suka saurara kaɗan suka shiga. Matan zumunta na cocinmu suka fito da tulunan kiɗansu, matan unguwar su Baba suka kifa ƙwarya a ruwa. Ban taɓa ganin ɓangarorin nan biyu sun yi kiɗa a fili ɗaya ba sai ranar. Baba Sale ya raɗa wa jakadiya suna Mairake, kuma har ta bar Nijeriya da sunan take amsa gaisuwar mutanenmu.

Shekarar da ta biyo baya, Haruna ɗan Baba ya je ƙasar su Mairake tare da wani saurayi daga Kudan. Sun dawo da dabarar gina murhu mai bututun hayaƙi. Ni da nake wanke idanun masu dafa mazarƙwaila a asibiti na san amfanin wannan fiye da kowa.

Ciwon da ya ɗauki Yaya bai daɗe ba. A lokacin an riga an mayar da Mairake gida, amma ofishin ya turo wakilai, ita kuma ta kira Inna a waya suka yi kuka tare ba tafinta. Samarin gidan Baba Sale ne suka haƙa kabarin.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga yau. Dawakai sun ragu a wuraren matsa, injin fetur ya karɓe aikin. Na san zai yi kewarsu, amma zai ce dabba ma ta huta. Zai ji daɗin yadda 'yan matan Makarfi ke ɗaukar bidiyon dafa mazarƙwaila da waya suna sakawa duniya ta gani, ba tare da jiran wani ofishi ba. Ina jin da ya zauna da su yana gyara musu bayani. Abin da zai dame shi shi ne yadda tsoron hanya ya sa baƙi irin Mairake ba sa yawan fitowa daga Abuja, su gama shekarunsu su koma ba su taɓa zama a zauren kowa ba. Zai kuma damu da samarin da har yanzu ba su san komai game da ofishin jakadanci ba sai tagar biza. Sai dai ban san shi da zama yana ƙorafi ba. Da ya fara lissafin dattawan da zai cika mota da su.

Bai bar gida a Abuja ba, bai bar sarauta ba. Ya bar 'ya'ya biyu masu son mutane kamarsa, da murhunan da ba sa sa ido hawaye, da wani sauƙi tsakanin unguwanninmu da ban iya kwatanta shi ba, amma duk wanda ya san Gubuchi a da zai gane.

Makon jiya muka yi addu'ar tunawa da shi a gida. Baba Sale ya tsufa ƙwarai, ba ya iya doguwar tafiya, amma ya sa Haruna ya goyo shi a babur. Bai shiga wurin addu'ar ba, ya zauna a inuwar darbejiya har muka gama, sannan Inna ta fito da kujerarta ta zauna nesa kaɗan da shi. Suka gaisa, suka yi ta hirar Ishaya, kowa na ƙoƙarin nuna shi ya fi saninsa.

"Ni fa har yau ban san sunan aikin nasa ba," in ji Inna. "Na dai san yana raka baƙin mutane."

Baba ya yi murmushi, ya gyara riƙon sandarsa.

"Ke dai, uwar Ishaya. Tutarsu ce a jikin motar, amma mu yaron nan ya yi wa jakadanci."