Wayar da Ke Cikin Kwanon Inna

Inna tana ajiye wayarta a cikin kwanon silba a kan taga. Kunnenta ya yi nauyi, ita ta gano cewa idan waya ta yi ƙara a cikin kwano har daga madafa tana ji. Ni ce babbar 'yarta. Bayan rasuwar maigidana na dawo wajenta a unguwar Nasarawa Gwom ta Jos, cajin wayar nan ya zama aikina. In an daɗe ba a kawo wuta ba sai in kai ta shagon caji, in tsaya a wurin ba na matsawa, don kada a kira tana hannun wani.

Kira ɗaya muke jira. Ƙanena, autanmu, ya tafi haƙar zinariya can gaba da Agadas bayan sana'ar acaɓa ta gagare shi a Jos. Kafin ya tafi shi ya saya wa Inna layin a kasuwar Taminus. Lokacin ƙafarta ta hana ta fita, don haka shi ya zauna aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, layin ya fito da sunansa. Lambar nan ita kaɗai ya haddace. Ko tawa bai riƙe ba, yakan ce, "Yaya, taki sai ka ce lissafin jarrabawa." Da farko yakan ari wayar wani ya kira, kullum da baƙuwar lamba. Daga baya kiran ya ɗauke. Mun yi azumi da yawa ba mu ji shi ba. Wani ya ce ya wuce Libiya, wani ya ce rami ya rufta da wasu 'yan ƙasarmu. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa.

Ana nan sai aka fara shela a rediyo cewa kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta mai shi, in ba haka ba a rufe. Aka ce komai na gwamnati zai koma kwamfuta, masu garkuwa da mutane su rasa wurin ɓuya. Ni ban ƙi ba. Nawa na je na bi sahu na yi tun farko, don ba na iya zama da abin da aka ce a yi ban yi ba. Amma duk sanda aka sake shelar sai in kalli kwanon.

Na ɗauki wayar na je ofishin kamfanin. Wadda na samu wata ma'aikaciya ce 'yar asalin Jos, mai fara'a, da Hausarta ta kasuwa. Ta danna lambar, ta ce, "Mama, wannan layi ba naka ba ne. Namiji ne a nan."

Ta juyo mini da kwamfutar. Ga Auta, da rigar da ni nake wanke masa, yana ƙoƙarin danne dariya. Ba mu da hotonsa mai kyau a gida. Na ce ta bar mini shi kaɗan. Ta bari, har na bayana suka fara tsaki.

"Ya zo da kansa da lambarsa," in ji ta.

Na ce ba ya ƙasar.

"To ya turo."

Na ce ba mu san inda yake ba.

Ta rage murya. "Hanya ɗaya ne. In mai layi ya mutu, ɗan'uwa zai kawo takardar rantsuwa daga kotu, mu juya layi zuwa sunansa. Ya mutu ne, Mama?"

Na ce ban sani ba.

Duk da haka na je bakin kotu. A gindin bishiya akwai masu buga takardu. Wani mai furfura ya tare ni, ya ce, "Hajiya, me za mu rantse yau, shekaru ko suna?" Na yi masa bayani. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Faɗa mini ranar da kike so ya rasu."

Na ce ba na so ya rasu.

"Takarda ce kawai, Hajiya. In ya dawo ki kawo shi, mu rantse ya tashi."

Na tambaye shi ko abin zai shiga kwamfutar gwamnati. Ya ce yanzu har atishawa shiga take yi. Na tsaya ina tunani. In Auta ya dawo ya je neman katinsa na ɗan ƙasa, a ce masa ai kai matacce ne, yayarka ta rantse? In kuma ya rasu ɗin, ranar da na ƙirƙira ita za ta zauna a matsayin ranarsa. Sannan ga rantsuwar kanta, a kan abin da ban sani ba. Na ce masa zan dawo, na hau keke na koma gida.

Na tarar da Inna tana tsince wake. Na faɗa mata komai, da ƙarfi saboda kunnenta, har maƙwabta suka ji.

"In kin rantse layin zai zauna?"

"Zai zauna, Inna."

"In ba ki rantse ba fa?"

"Za a rufe. In ya kira ba zai same mu ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ni ban ga gawarsa ba."

Washegari ta ce in je in yi. Na sa hijabi, na kai zaure, ta ƙwala mini kira ta ce in dawo. Haka muka yi ta yi. Ran da ta yarda ni ƙafata ta ƙi, ran da na daure ita ta hana. Muna cikin wannan aka rufe layin. Ba a ji wata ƙara ba, sandunan sabis ne kawai suka ɓace. Na ɗauka matsalar unguwa ce, har kan dutsen bayan gida na hau ina ɗaga wayar sama. Na gaya wa Inna gaskiya. Ta ce, "Ki dai riƙa caja ta."

Bayan haka kowace safiya sai in kira lambar daga wayata, a ce ba ta aiki. Watanni suka wuce. Wata rana sai ta shiga. Ina jin ƙara a kunnena, wayar Inna kuwa tana cikin kwano shiru. Ashe an sayar wa wani.

Wani mutum ya ɗauka, ana ƙarar inji a bayansa. Ɗan kudu ne, ya taɓa zama a arewa, yana jin Hausa kaɗan. Na ba shi haƙuri, na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, "Mama, sannu. Satin da na sayi layi, wani ya kira. Lambar waje, dogo. Ya ce Inna, Inna. Na ce ba nan ba ne, na kashe."

Na roƙe shi lambar. Ya duba, ya ce ta goge tuni. Ya ce ya ajiye tawa, in mutumin ya sake kira zai ba shi.

Yini guda na yi ina juya maganar. 'Ya'yan ƙanwarta ma Inna suke ce mata, ɗaya yana Saudiyya, shi ma lambarsa doguwa ce. Bayan la'asar na faɗa mata duka biyun, don kada in ba ta abin da ba ni da tabbas a kai.

Ta ce, "Sau nawa ya ce Inna?"

"Sau biyu."

"Haka yake yi."

Ta miƙa hannu ta fitar da wayarta daga kwanon, ta ce in sa tawa. Tun daga ranar, ko kasuwa ba tare da waya nake zuwa ba. Ran Juma'a nakan kira mutumin nan, ina jin kunyar damunsa, ina kuma tsoron ranar da shi ma zai sauya layi. Yana ɗauka yakan ce, "Mama, ba kowa tukuna." Inna tana kallon bakina, sai in maimaita mata da ƙarfi.